Shin tsara gini da kwamfuta zai amfani mai gini a Maraɗi?

Tambaya: Wani matashin ɗan kwangila da ke gina gidaje da shaguna a cikin garin Maraɗi ya rubuto cewa yana yawan jin maganar tsara gini da kwamfuta, musamman tsarin da ake kira BIM, wato zanen gini mai ɗauke da bayanin kowane sashensa, da kuma maganar sake amfani da kayan gini domin rage ɓarna. Yana son ya san ko waɗannan abubuwa suna da amfani ga wanda aikinsa bai wuce gida mai ɗaki huɗu ko jerin shaguna ba, ko kuwa na manyan kamfanonin Turai ne kaɗai, kuma idan suna da amfani, ta ina ya kamata ya fara.

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Suna da amfani ƙwarai, sai dai amfaninsu ba ya inda aka fi tallata shi. Abin da ke burge mai gida idan aka buɗe masa kwamfuta shi ne hoton gidansa da fenti da fitilu tun kafin a haƙa harsashi, kuma ba laifi ba ne a nuna masa, domin yana sa ya yanke shawara da wuri. Amma a wurin mai sana'a wannan hoton shi ne mafi ƙanƙantar riba. Babbar ribar ita ce ƙidaya da ajiyar bayani, wato ka san abin da zai shiga cikin ginin kafin ka saye shi, kuma bayan shekara ashirin a san abin da ke ciki, da inda yake, da yadda za a fitar da shi ba tare da an farfasa shi ba. A nan ne maganar kwamfuta ta haɗu da maganar sake amfani da kaya, domin abin da ba a san da shi ba, ba a iya tanadinsa.

A zanen takarda da muka saba da shi, bango layi biyu ne kawai, sai mai karatu ya fahimci abin da ake nufi. A tsarin BIM kuwa, bangon da ka zana yana ɗauke da tsawonsa da kaurinsa da irin kayan da za a gina shi da su, taga tana ɗauke da faɗinta, ginshiƙi yana ɗauke da adadin rodin da ke cikinsa. Idan mai gida ya ce a faɗaɗa falo da mita ɗaya, kana gyara wuri guda sai ƙidayar bulo da yaɓe da kwano su gyaru gaba ɗaya, kuma idan bututun ruwa zai ratsa ta cikin ginshiƙi, za ka gan shi a kan allo kafin birkila ya ɗauko guduma. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta wannan tsari a manyan ayyukanta tun daga 2016, kuma a 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 19650 kan yadda ake tafiyar da bayanan gini.

Dalilin da ya sa duniya ta damu da kayan gini ba ɓoyayye ba ne. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ɗora wa gine-gine da aikin gina su kimanin kashi 37 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke fitowa daga makamashi da masana'antu, kuma siminti shi kaɗai yana ɗaukar kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin duniya, saboda sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1450 kafin a same shi. A ƙasashen Tarayyar Turai ɓaraguzan gini da rusau sun haura kashi ɗaya cikin uku na dukan shara. Wannan ne ya sa a Holan aka buɗe rumbun bayanai na Madaster a 2017, inda ake yi wa kayan kowane gini rajista domin ranar da za a rushe shi a san abin da za a ceto, Faransa kuma ta yi doka a 2020 da ta sa a riƙa ƙididdige kayan babban gini kafin a rushe shi. Mu a Nijar rabonmu a cikin wannan hayaƙi ɗan kaɗan ne, kuma ba zan ce maka ka canja sana'arka saboda shi ba. Hujjarmu ta fi kusa da aljihu: kowane buhun siminti sai ya hau mota daga masana'anta irin ta Malbaza ko daga ƙetaren iyaka, rodi da kwano da tayil galibi daga waje suke zuwa, don haka duk abin da aka zubar a bakin aiki kuɗi ne da aka biya har da na sufuri.

Ya kamata kuma mu tuna cewa sake amfani da kayan gini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maginan dā suna haƙo ƙasa, su cuɗa ta da ramno, su mulmula tubali, su yi rufi da azara, su shafe bango da makuba ko laso. Idan soro ya tsufa, ana zare azarar a kai ta sabon ɗaki, ƙasar bangon kuma a jiƙa ta a sake gini da ita, ko ta koma gona. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka gina ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya jagoranci gininsa, ya samu kyautar tsara gine-gine ta Aga Khan a 1986. Abin da ya katse wannan zagaye shi ne yadda muke haɗa kaya a yau. Bulon siminti da aka ɗaure da kwaɓi mai ƙarfi ba ya rabuwa da ɗan'uwansa sai ya fashe, ƙarfen rufi da aka yi wa walda sai an yanka shi, ƙofar da aka binne ƙafafunta a kankare sai an lalata bango kafin a cire ta. Saboda haka tambayar da nake so ka riƙa yi wa kowane zane ita ce: ranar da za a kwance wannan, me zai fito lafiya?

Bari mu fara da ribar da za ka gani tun a aikinka na gaba. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayi 20, idan an haɗa da kaurin kwaɓi, guda goma sha biyu da rabi ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 zai ci 375, amma idan akwai ƙofa ɗaya da taga biyu masu matsakaicin girma, wajen bulo 60 sun fita daga lissafi. Mai kiyasi da ido yakan manta da wannan ragi, ya kuma ƙara wani abu a kai don gudun kunya, kuma idan aka tara bangayen gida duka, rarar ba ƙarama ba ce. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka sa tsawon bangaye da faɗin tagogi su dace da ma'aunin bulon tun a zane, su zama ninkin santimita 20, domin birkila ya daina sare bulo a kowace kusurwa. Haka abin yake ga rodi, wanda tsawonsa mita 12 ne. Idan aka yanka guntaye uku masu mita uku da rabi, mita ɗaya da rabi ya saura, kuma yawanci a gefe ake jefar da shi. Amma idan jadawalin yankan ya nuna cewa akwai wurin da ake buƙatar mita biyar, sai a fitar da biyu masu uku da rabi da ɗaya mai biyar daga sanda guda, babu ko taƙi da ya ɓata. Wannan lissafi ba ya buƙatar manhaja mai tsada, jadawalin Excel ko na LibreOffice ya wadatar, muddin an zauna an yi shi kafin mai yankan ƙarfe ya fara aiki.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce ta fi kowace nauyi a garin nan, domin ginin da ruwa ya ci bayan shekara biyar ya fi kowane ɓarnar kaya, ko da kuwa an yi tsimin kowane buhu wajen gina shi. Tarihin Maraɗi kansa shaida ne: ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon garin da ke cikin fadamar gulbi, aka tayar da jama'a zuwa kan tudu. Tudun kuwa rairayi ne, kuma ruwan da ke gangarowa daga kansa zuwa gulbi yana yanka kwazazzabai yana cin gindin gidaje. A ranar 30 ga Agusta 2024 ruwa kimanin milimita 150 ya sauka a garin cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka aƙalla 15, gidaje da yawa suka zube, kuma bayan ƴan kwanaki tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutane da dama sun ɗauki darasin cewa laifin ginin ƙasa ne, sai suka karkata ga bulo, musamman da gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na shekarar. Na fahimci wannan tsoro kuma ban raina shi ba. Amma wanda ya duba yadda bangon ƙasa ke faɗuwa zai ga cewa yawanci daga gindi yake jiƙa inda ruwa ya kwanta, ko daga sama inda indararo ya toshe, ko daga fuskar gabas inda iskar hadari ke maka masa ruwa. Bangon bulo ma da aka kafa a kan hanyar ruwa, idan ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zaizaye, tsagewa yake yi ya kwanta.

A nan kayan aikin zamani suna da taimako na gaske. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, taswirar OpenStreetMap kyauta ce, akwai kuma bayanan tudu da kwari na tauraron ɗan'adam da kowa zai iya saukewa, waɗanda za su nuna maka ta inda ruwan unguwa ke bi. Google Earth yana ajiye tsofaffin hotuna, kuma da su za ka iya gane cewa filin da ake son ka gina a kai tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, abin da mai sayar da fili ba lalle ne ya faɗa ba. Sai dai ka san iyakarsu. Bayanan tudu na kyauta kowane ɗigo nasu yana wakiltar kimanin mita 30 ne, saboda haka suna nuna yanayin unguwa amma ba su isa su gaya maka tsayin da dakalin gida zai kai ba. Wannan sai ka je da na'urar awo ko tiyon ruwa ka auna, ka kuma tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a daminar da ta fi tsanani, ka rubuta amsarsu a cikin fayil ɗin aikin kamar yadda za ka rubuta kowane awo. Idan za a ɗauki hoto da jirgi maras matuƙi, kada a tashe shi sai da izinin hukuma.

Riba ta uku ita ce wadda ba a cika ambata ba, alhali ta fi dacewa da yadda muke gini. Mutumin Maraɗi ba kasafai yake gama gida a shekara ɗaya ba. Yakan kewaye fili, ya yi ɗaki biyu, bayan kasuwa ta yi kyau ya ƙara shago a gaba, bayan ƴaƴa sun girma ya ce a ɗora bene. Sau da yawa wanda zai ɗora benen ba shi ne ya zuba harsashin ba, bai san zurfinsa ba, bai san ko rodi huɗu ne a ginshiƙi ko shida ba, bai san inda bututu da wayar lantarki suka bi ba. Daga nan abu biyu ne ke faruwa: ko a ɗora nauyi bisa zato, wanda ganganci ne da rayukan mutane, ko a farfasa abin da yake lafiyayye a sake shi. Hoton waya da aka ɗauka kafin a zuba kankare, da ma'auni a jikin rodin, da kwanan wata, ya isa ya hana duka biyun. Idan tun farko an tsara gidan har matakinsa na ƙarshe, an sa harsashin da zai ɗauki bene, an bar gurbin matakala, an kuma rufe kawunan rodin da ke jiran ƙari domin kada tsatsa ta cinye su, to kowane mataki zai hau kan na baya ba tare da rusau ba.

Game da zaɓin kaya, ina ba ka shawara ka koyi aikin tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Injin hannu na farko da ya yaɗu, Cinva-Ram, a Kolombiya aka ƙera shi a shekarun 1950, kuma cibiyar CRAterre da ke Faransa ta daɗe tana tattara ƙa'idojin wannan aiki tun 1979. A ƙasarmu mai tsara gine-gine Mariam Issoufou Kamara ta nuna abin da zai yiwu, a rukunin gidajen Niamey 2000 da ke Yamai, da kuma Dandaji, inda ita da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa, aikin da aka kammala a 2018. Irin wannan bango yana jinkirta shigar zafi, kuma wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu ya san darajar hakan. Akwai kuma gini maras itace, na rufin baka da ƙubba, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara koyarwa a Cikal ta yankin Filinge a 1980, saboda azarar giginya ta yi wuya kuma sare gorubar Gulbin Kaba don rufi ba abin da za a ci gaba da yi ba ne. Amma akwai gaskiyar da masu tallar tubalin inji ba su cika faɗa ba. Idan aka zuba masa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 domin ya jure ruwa, ya daina zama ƙasar da za a jiƙa a sake mulmulawa. Saboda haka a sa mai simintin a layukan ƙasa da fuskar da ruwa ke duka, a bar bangayen ciki da zallar ƙasa, kuma zanen kwamfuta ya bambanta su sarai domin wanda zai zo daga baya ya sani. Ƙasar kanta sai an gwada ta, domin rairayin tudu ba ya kamawa, laka ta fadama kuma tana tsagewa idan ta bushe. Gwajin farko mai sauƙi ne: a zuba ƙasa da ruwa a kwalba, a girgiza, a bari ta kwanta, sai a ga rabon yashi da yumɓu, sannan a buga tubalan gwaji a kai su awon ƙarfi kafin a amince.

Kayan rusau kuwa ba duka ake mayarwa ba. Ƙofofi da tagogi da kwano mai lafiya da katako da azarar da gara ba ta taɓa ba, duk suna komawa aiki. Ɓaraguzan bulo da kankare suna da kyau wajen ciko da shimfiɗar ƙarƙashin daɓe, kuma kowace tifa da aka yi amfani da ita ta rage wadda za a haƙo daga bakin gulbi. Rodin da aka fasa kankare aka ciro, aka miƙe shi da guduma, kada ya shiga ginshiƙi ko rufin kankare, a bar shi ga shinge da ƙananan ayyuka ko a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Tsofaffin fale-falen rufi da silin masu sinadarin asbestos kuma ƙurarsu na jawo cutar huhu mai kisa, don haka ba a sare su, ba a niƙa su, ba a mayar da su ɗakin kwana. Kafin ka rushe kowane gini, ka zagaya shi da waya ka ɗauki hoton kowane abu da awonsa. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox tana aiki ko babu intanet, kuma jerin da ka fitar zai iya samun mai saye ta WhatsApp tun kafin a cire kusa ta farko.

Dangane da manhajar zane, kada ka fara da sayen mafi tsada. Revit da ArchiCAD suna da ƙarfi, amma kuɗin lasisinsu da irin kwamfutar da suke buƙata sun fi ƙarfin ƙaramin ɗan kwangila, kuma sun fi cancanta ga bene mai hawa da yawa, ko asibiti, ko azuzuwan makaranta da za a maimaita a garuruwa da dama. FreeCAD da Blender mai ƙarin Bonsai kyauta ne, suna aiki ba tare da intanet ba, kuma suna fitar da fayil a tsarin IFC, wanda kowace babbar manhaja ke iya buɗewa. Ka riƙe wannan tsari da muhimmanci, domin gini yana iya shekara hamsin, manhaja kuwa ba ta da wannan tabbaci. Ka kuma sani cewa ma'ajiyar kayan da ke zuwa da waɗannan manhajoji ta Turai da Amurka ce, babu bulonmu a ciki, babu azara, babu tubalin ƙasa, sai ka zauna ka shigar da su da awonsu na gaskiya, wanda ka auna da hannunka a wurin mai buga bulo. Zanen da aka cika da awon da bai dace da kayan kasuwa ba zai ba ka lissafin ƙarya cikin kyakkyawan jadawali, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Duk wannan ba zai isa bakin aiki ba sai ta hannun magini. Ka zauna da shugaban maginanka da kafinta da mai walda tun zanen yana ɗanye, ka juya musu ginin a kan allo su gani, ka saurari inda suka ce ba zai yiwu ba, domin sau da yawa sun fi ka sanin halin ƙasar unguwar. Ka buga musu shafuka masu manyan lambobi, shafi ɗaya ga kowane aiki, ka bi da saƙon murya da Hausa. Idan ka ce a ɗaure ƙarfen rufi da noti maimakon walda, ko a kafa ƙofa da sukuru, ka bayyana dalili kuma ka biya ƙarin lokacin da zai ci, in ba haka ba ranar da ba ka nan za a koma ga abin da aka saba.

A aikinka na gaba, ka sa a cikin yarjejeniya cewa ranar miƙa makulli za ka miƙa wa mai gida kundi guda, a takarda da kuma a waya, mai ɗauke da zanen ginin kamar yadda aka gina shi a zahiri, da hotunan harsashi da rodi kafin a rufe su, da hanyar bututu da waya, da jerin kayan da aka sa da inda aka sayo su, da adadin hawan da harsashin zai iya ɗauka bisa lissafin injiniya. Ka ajiye kwafi a wurinka, ka kuma roƙe shi ya haɗa nasa da takardun fili, domin idan gidan ya canja hannu ta ciniki ko ta gado, kundin ya bi shi.